Abin da Bilki Ta Gani a Dukawuya

Wannan babin naki ne, Safiyya, ko da yake na san Usman da Nana za su fizge su karanta kafin ki gama. Na rubuta shi ne saboda maganganun da kike tsinta a bakin dangi duk ranar biki. Wasu su ce Gwaggonki Bilki ce ta tona asirin gida da alƙalami. Wasu su ce Gwaggon Dukawuya ce ta yi sakaci da ke. Wasu kuma, idan sun ga na ba da baya, su ce uwarki ce ta zubar da kunya a tsakar gida. Kin san halina, ko zazzaɓi na yi sai in ga kamar ba zan tashi ba, in ce shi ke nan zan tafi ban gaya wa yarinyar nan yadda aka yi ba. Karatuna bai wuce aji shida da Islamiyya ba, sai ki yi haƙuri da rubutun. Amma abin da idona ya gani ban manta ko ɗaya ba.

Ke ce 'yar farina. A gidan Hajiya, kakarku ta wajen uba, nan Yakasai, ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanki, ba na yi miki wasa a gaban mutane, ko nono zan ba ki sai na shige ɗaki na saki labule. Idan kika faɗi a tsakar gida sai in ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba, har wani ya zo ya ɗauke ki. Haka Hajiya ta yi wa tata 'yar farin, wato Yaya Asabe, wadda kuke ce wa Gwaggon Dukawuya. Har ta yi furfura Hajiya ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce waccan. Da aka zo yaye ki, Yaya Asaben ce ta zo ran wata Juma'a. Shekara goma sha biyar tana ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta goya ki da sabon zani, Hajiya ta ce an ba ta ke har aure, Allah ya raya. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni cewa zan yi ai taku ce. Bayan sun fita na je tura ƙofar soro sai na ga warin takalminki a ƙasa, ɗan ja mai ƙara idan an taka. Na ɗauke shi na sa a ƙasan kwalla, na danne da zannuwa.

Shekara biyu bayan haka Bilki, autar Hajiya, ta sami shiga kwalejin ilimi, wai Hausa za ta karanta. Babanku ya yi ta dariya, ya ce Hausar da muka sha a nono ita ce sai an hau adaidaita an je koyo? Cikin darussansu akwai na insha'i, duk mako biyu sai sun rubuta wani abu sun kai wa malami. Bilki a lokacin baki gare ta kamar rediyo, ga son manyan kalmomi. Na farko da aka ba su shi ne kowa ya rubuta unguwarsu. Ta cika shafi biyar, ta zo ta tsaya a kaina ina gyaran zogale ta karanta mini. Yakasai unguwa ce mai daɗaɗɗen tarihi, matattarar malamai da attajirai, mutanenta masu karamci ne, haƙiƙa kaza, babu shakka kaza, ga karin magana a bakin kowane layi. Ni dai na ce ma sha Allahu, don na ɗauka haka rubutu yake. Bayan mako guda ta dawo ta wurga mini takardun a cinya, duk jan biro.

“Anti Hadiza, dubi abin da mutumin nan ya yi mini. Kamar an yanka kaza a kai!”

A ƙasa malamin ya rubuta layi ɗaya, ta karanta mini tana kwaikwayon muryarsa: duk wannan ana iya faɗarsa a kan kowace unguwa, ke me kika gani?

“To me ake gani a Yakasai,” in ji ta, “ban da kwata da awakin mutane?”

Na ce, “Malama Bilki, kin taɓa lura idan za a fita da gawa daga lungunmu, a kwanar nan ta bayan masallaci, sai na gaba sun ɗaga makara sama na baya sun rusuna? Kin lura bangon wajen ya yi sulɓi daidai kafaɗa, saboda gogar mutane?”

Ta tsura mini ido.

“Ke da ba kya fita, ina kika ga wannan?”

“Wanda ba ya magana ai kallo yake yi.”

Ta fita ba ko mayafin kirki, ta je ta shafo bangon, ta dawo tana kallon tafin hannunta. Daga ranar abin ya fara.

Na ga yarinyar nan tana sauyawa a gabana kamar yadda ƙullu yake tashi. Malamin ya hana ta haƙiƙa da babu shakka. Ya ce karin magana ɗaya ya ishe ta a shafi, shi ma sai in ya ƙi barinta. Ya ce idan mutum ya yi magana ta rubuta yadda ya faɗa, kada ta sa masa babbar riga. Shafi biyar ya koma biyu, jan biro ya riƙa raguwa. Akwai wanda ta rubuta a kan yadda Hajiya take mayar wa rediyo magana, ta karanta mana bayan la'asar: mai labarai ya ce za a gyara ruwan famfo, Hajiya ta ce kai dai faɗi a hankali kada Allah ya kama ka, tun ina goyon waccan ake gyara shi. Babanku ya yi dariya har ya ƙware. Hajiya ta ce wannan ba karatu ba ne, leƙen asiri ne, a daina ba ta abinci. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Ga Hajiya zaune bakinta a rufe, ga kuma muryarta tana fitowa daga takarda, har da inda take jan numfashi. Ban taɓa sanin biro yana iya kama mutum haka ba. Bilki ta rage surutu. Sai ka gan ta zaune a bakin rijiya tana kallon hannun mai wanke-wanke. Ina jin daɗi, ina cewa a raina ni na koya mata. Ko sau ɗaya ban kawo cewa idon nan zai juyo kaina ba.

To ga abin da nake ɓoyewa. A shekarar ina da cikin Usman, ina zuwa awo. Idan an sallame mu, maimakon in yi gida, sai in sa niƙabin da na saya a ɓoye in hau adaidaita har Dukawuya. Akwai mai rake a tsallaken lungun su Yaya Asabe. Nan nake tsayawa daidai lokacin da ake tashin ku daga makarantar allo, in gan ki kin wuce, in juya. Zuwa na biyu na lura idan yara suka yi miki magana sai kin karkata kai kin ba su kunnen dama. Zuwa na uku na ga kina cusa yatsa a na hagu kina yamutsa fuska. Zuwa na huɗu mai babur ya taho ta hagunki yana ta danna oda, ba ki ko waiga ba, sai da mai raken ya daka tsawa ya fizgo ki. Na dawo gida da abin nan kamar na haɗiyi garwashi. Wa zan gaya wa? Idan na faɗa, na tona cewa ina bin 'yar fari a ɓoye, kuma na ce wa Yaya Asabe ba ta iya riƙo ba. Na gwada babanku ta gefe, na ce ko zai leƙa Dukawuya ya gaishe su. Ya ce lafiya ƙalau suke, jiya ma ya haɗu da maigidanta. Shi ma ke 'yar farinsa ce, shi ma kunyar yake. Wata uku ina kwana ina tashi da shi, Hajiya tana cewa cikin nan ya ramar da ni.

Aikin ƙarshe da malamin ya ba su shi ne kowa ya rubuta wani mutum da ya sani wanda ba ya faɗin abin da ke ransa. Wannan Bilki ba ta karanta mini ba. Na tambaye ta, ta ce bai yi kyau ba. Ashe shi ne ya fi na kowa. Malamin ya karanta shi a aji, aka sa shi a zauren 'yan ajinsu na waya, kuma cikin 'yan ajin akwai wadda gidansu yake jikin na Yaya Asabe.

Ran wata Asabar da hantsi ina wanki sai na ji sallama gajeriya. Yaya Asabe ce, ta riƙo hannunki, ɗaya hannun da waya. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama. Ta sa aka kira babanku daga soro. Sannan ta miƙa wa Bilki wayar.

“Karanta. Ke kika rubuta, ke za ki karanta wa Hajiya.”

Bilki ta duba, fuskarta ta yi fari. Ta fara a hankali. Ta sauya sunaye, ta ce matar Lami ce, amma tun layi na uku sabulu ya suɓuce daga hannuna. Takardar tana wajena har yau, ga yadda ta ce:

“Niƙabin sabo ne, amma silifas ɗin na san shi, na hagun an ɗinke shi da baƙin zare. Ta sayi rake gaɓa ɗaya don kada a ce me take yi a wajen, ba ta sha ba. Da yaran suka fito, hannunta ya taso daga cikin hijabi kamar za ta gyara wa wani ɗankwali, sai ta mayar da shi. Yarinyar tana karkata kai idan ana yi mata magana. Duk sanda ta karkata, ita ma matar sai ta karkata nata, ba ta ma san tana yi ba. A gida akwai kwalla. Idan ta zaci kowa ya fita, takan buɗe, sai a ji ƙarar takalmin yara sau ɗaya.”

Safiyya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Kamar an yaye mini zani a tsakiyar kasuwa. Ashe hanyar kwalejinsu ta nan take. Ta hango ni daga cikin adaidaita ta gane tafiyata, ta sauka, ta tsaya a bayana har sau uku ban sani ba. Ni da na koya mata kallon bango.

Yaya Asabe ta ce, “Duk lungunmu an karanta. Ina wucewa ana nuna ni, ga wadda ta karɓi 'yar mutane ta bari ta kurmance. Ni! Ni da nake ɗiga mata man zaitun safe da yamma, nake kwana zaune da ita a cinya in ya motsa mata. Hajiya, ki tambayi surukarki. In ƙaga shi aka yi don a ci jarrabawa, ta faɗa, in ɗauki 'yata in tafi, ita kuma wannan ta rubuta ta wanke ni a inda ta ɓata ni.”

Hajiya ba ta kalle ni ba. Carbinta take kallo.

“Hadiza, ai ƙirƙira ce irin ta 'yan makaranta, ko?”

Ƙofa ta buɗe mini, na gane. Bilki ma ta yi wuf ta ce, “Wallahi Hajiya ƙirƙira ce, malam ne ya ce mu ƙara gishiri.” Ƙarya take yi don ta fitar da ni, malamin da ko karin magana biyu ba ya bari a shafi. Babanku ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Kowa jira yake in ce e. Da na ce e, da an sha ruwa an yi dariya, an zagi Bilki, ni ina nan da mutuncina na mai kunya. Ke kuma ki koma ga man zaitun da masu babur.

Kina tsaye kusa da turmi kina kallon kyanwar Hajiya, hagunki yana wajena. Ban shirya ba. Na ji bakina ya buɗe.

“Safiyya.”

Shekara huɗu sunan nan yana cikina, ya fito a shaƙe. Gidan ya yi tsit, har ɗigar ruwan wankina ana ji. Ba ki juyo ba. Tsakanina da ke bai fi taku uku ba.

“Safiyya!”

Kyanwar ta waiwayo. Ke ba ki waiwayo ba.

Na uku ihu na yi, har maƙwabta suka ji ta katanga. Sai kika juyo da jikinki gaba ɗaya, kika kalle ni, kika kalli Yaya Asabe, kamar kina tambayarta wace ce wannan matar mai kumfa a hannu.

Na ce, “Ba ƙarya ta yi ba. Ni ce. Don Allah a kai ta asibiti.”

Hajiya ta yi salati. Na durƙusa ina jiran abin da za ta ce, don ban taɓa jin an yi haka a gidan ba. Ta ajiye carbinta. Sannan ta nuna Yaya Asabe da haɓa.

“Waccan da aka yaye ta aka kai ta Gwale, wata bakwai na yi ina zuwa sayen kuka a lungun da ba a sayar da kuka.”

Yaya Asabe ta kalli uwarta baki buɗe. Mace mai shekara arba'in, ba ta taɓa sani ba. Tabarmar da ta ƙi tana nan a shimfiɗe, amma a ƙasa ta zauna, a kan jiƙaƙƙen siminti.

Ran Litinin babanku ya kai ki asibiti, ita ta goya ki, ni ina biye a baya. Likita ya ce ciwon ya daɗe, dodon kunnen hagun ya huje, na daman ma ya fara kamuwa. Na daman aka ceto. Na hagun kin san yadda yake, shi ya sa har yau nake zagayowa in zauna ta damanki. Ni abin da na roƙa ke nan, asibiti. Ban ce a dawo mini da ke ba. Amma bayan kwana biyu sai ga kayanki a ƙulle, da saƙo cewa ba za ta riƙe 'yar da ake yi wa gadi daga tsallaken titi ba. Kin fi wata kina kuka kina kiran Ummanki, ba ni kike nufi ba. Ni Anti Hadiza kike ce mini, yadda kika ji Bilki tana faɗa. Na sami abin da na yi shekara biyu ina mafarki, na rasa inda zan sa kaina don kunya da tausayin Yaya Asabe. Shekara tara ke nan ba ta taka gidan nan ba. A wajen biki muna gaisawa, tana amsawa tana kallon kafaɗata.

Bilki kuwa ta zo ɗakina ta durƙusa. Na ce mata, “Malama, da kika gani me ya hana ki gaya mini?”

Ta ce, “Ke me ya hana ki gaya wa kowa? Na yi ta ƙoƙarin faɗa da baki, Anti, ya ƙi fitowa. A takarda ne ya fito.”

Ta je ta ba malamin labarin abin da rubutun ya jawo. Ta ce ya daɗe yana riƙe da kansa, ya ce laifinsa ne da ya bari aka yaɗa. Ya karɓi takardar ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da jan biron nan: yanzu kin iya gani, saura ki koyi neman izini. Zango guda ta yi ba ta rubuta komai ba ban da abin da aka tilasta mata. Yanzu da take koyar da nata ɗaliban, ba ta sa ko kyanwar gida a rubutu sai ta tambayi mai ita. Ita ta kawo mini littafin da nake rubuta wannan a ciki. Ta karanta babin farko ta dawo mini da shi, a ƙasa ta rubuta: ke me kika gani? Na ce ja'ira, ni za ki mayar wa?

Saboda haka idan kika ji ana neman mai laifi, ki ce ba ki san shi ba. Bilki ta ga abu ta faɗa ba da izini ba. Ni na gani na yi shiru wata uku, kuma Allah kaɗai ya san abin da watannin nan suka ci na kunnenki. Wannan nawa ne, ki yafe mini. Gwaggonki ta Dukawuya kuwa ba ta yi sakaci ba, maganin da ta sani ta yi miki da zuciya ɗaya. Na lura kin fara ƙiwar zuwa gaishe ta ran Juma'a, kina cewa ba ta hira. Ki je. Ki zauna ta yadda za ta kasance a damanki, ko ba ta ce komai ba.

Ranar da aka kawo kayanki na zazzage su sau uku. Komai yana nan, har ƙaramin allonki da kofin shan kokonki da rigunan da suka yi miki kaɗan, a wanke a ninke. Warin jan takalmin nan ne kawai babu. Ban tambaya ba. Na san inda yake, don na san inda nawa yake.